Kilishin da Bai Kai Kano Ba

Har yau in na ji ƙanshin takardar da man kilishi ya jiƙa, sai na tuna tafiyarmu Kano ni da Kakana. Ina 'yar shekara tara lokacin, zamanin shugaban ƙasarmu na farko.

Kakana mahauci ne a Garwa, a ƙasarmu Kamaru. Tun yana saurayi ya baro Kano, kuma ba su rabu da yayansa da daɗi ba, don yayan ya ce masa hannunsa ba zai taɓa iya haɗa yajin mahaifinsu ba. Maganar nan ta fi shekara arba'in tana cin tsohon. Da labari ya zo cewa yayan yana kwance, sai ya ce zai je, kuma kilishinsa ne zai ba da amsa.

Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Kwana huɗu ya yi yana yanyanka naman cinya fale-fale, yana shanyawa, yana tsomawa a labun gyaɗa da yaji, ni kuwa ina korar ƙuda. Kakata ta naɗe shi a takardar siminti ta danƙa mini.

"Ke za ki riƙe," in ji ta. "Kin san mijin nan naki, hannunsa ba ya rufuwa."

Mota ta kai mu Yola, wata ta kai mu Gombe, a can na fara ganin jirgin ƙasa. Da ya yi kuka sai da na ɓuya a bayan rigar Kakana. Ciki kuwa gari ne guda: kaji, buhunan gero, jarirai, da mata masu dariyar Hausata don tana fita da Fillanci a jiki.

Ka san mutanen da, ba mai buɗe guzuri bai ce bismilla ba. Wata ta miƙo mana fura, wani malami ya ba mu dabino. Kakana kuwa ba zai ci na mutane ya zauna a kan nasa ba.

"Amarya, miƙo takardar nan."

"Iya ta ce a'a."

"Ɗan gefe kawai zan yaga."

Gefen nan ne ya cinye mu. Kafin Kafancan rabi ya tafi. A Zariya wata mai ciki ta shigo, ƙanshi ya kama ta, ta kasa ɗauke ido, Kakana ya ba ta na ƙarshe. Na yi kuka don haushi. Shi kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Mun sami yayan a kan tabarma, ya rame, idanun sun tafi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Auta, me ka kawo mini daga Kamaru?"

Kakana ya sunkuyar da kai. Ni da bakina bai san kunya ba na ce, "Ya rabar a jirgi!" Na zaro takardar daga aljihunsa na dangwara wa yayan a hannu don ta zama shaida.

Ya kai ta hanci. Ya daɗe bai sauke ba.

"Na Baba ne," ya ce a hankali. "Sai dai citta ta ɗan yi yawa." Sannan ya buɗe baki yana dariya, babu haƙori ko ɗaya. "Da ka kawo ma, da me zan ci?"

Ranar na fara ganin hawayen Kakana.

An kai ni na hau Dala, na ga ganuwa da rijiyoyin marina, amma ba su zauna mini kamar ɗakin nan ba. Kafin damina ta sauka yayan ya rasu, kuma an ce takardar tana ƙarƙashin matashinsa.

Yanzu a leda ake ƙulla kilishi, a mota kowa ya juya wa taga fuska ya ci nasa. Tsaraba tana isa gida ba a taɓa ta ba. Rannan jikata ta kawo mini, na cinye, na shinshina ledar, ban ji komai ba.