Neman Mai Koren Bango a Al Ras

Daga Azare zuwa Kano

Tun kafin a kira assalatu na fito da jakata tsakar gida. Maiɗakina Hajiya Binta ta rako ni zaure tana dogara sanda. Ita ce 'yar kasuwa, ita ke zuwa Dubai saro abaya da turare, amma bana ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ni kuwa malamin makaranta ne mai ritaya, ban san kan ciniki ba, sai ga shi na dage ni zan je mata.

"Malam, wannan zumuɗin naka bai kwanta mini ba," in ji ta.

Na ce, "Haba Hajiya, taimako ne kawai."

Gaskiyar maganar ita ce akwai wani littafin Turawa da ake bugawa duk shekara, ba komai cikinsa sai jiragen ruwa: hoton jirgi, sunansa, tsawonsa, ƙasar da aka ƙera shi. Kawuna da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas ne ya kawo mini guda ina yaro, tun daga nan na kamu. Yanzu kanta guda ce a ɗakina cike da tsofaffin bugu. Ɗaya ne ya gagare ni, na shekarar da aka haife ni, mai koren bango. To watannin baya ƙanwar Hajiya ta turo mata hoton wani shagon turare a Dubai don ta zaɓi kaya. Na karɓi wayar, na ja hoton da yatsa, sai ga littattafan jere a saman kanta bayan kwalabe, mai koren bango na tsakiya. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Motar haya na shiga, na zauna gaba. A wani shingen 'yan sanda direba ya leƙa ya ce, "Alhaji ne, Dubai zai tafi kasuwanci." Na gyara zaman hula. Hantsi ya yi muna Kano.

A filin jirgi jami'ar da ke binciken kaya ta zaro wani gilashin ƙara girman rubutu daga jakata, wanda nake duba ƙananan hotuna da shi.

"Baba, wannan fa?"

"Na duba ɗinkin abaya ne, 'yata."

Ta dube ni, ta mayar da shi jaka.

Abu Hail

Da rana muka tashi, muka sauya jirgi a Addis Ababa, gab da asuba muka sauka Dubai. Abokina Isufu ne ya tarye ni. Mutumin Maradi ne, yana aiki a wani kamfanin kago da ke aika wa 'yan kasuwa kaya gida. A wani zauren waya na masu tara wannan littafi muka haɗu shekaru da dama da suka wuce, mu biyu ne kaɗai Hausawa a ciki, kuma duk garuruwanmu babu mai ko tafkin kirki. Sa'anni ne mu, shekara ɗaya aka haife mu. Wato shi ma mai koren bango yake nema.

Saboda haka ban faɗa masa komai ba. Iyaka dai na tura masa hoton nan tun ina gida, na ce ya gane mini layin, turare zan saya wa Hajiya. Ya ce unguwar Al Ras ce, kusa da bakin ruwa. Na yi ta yabon kaina a kan wayo.

Ɗakinsa yana hawa na uku a Abu Hail, su huɗu suke raba gidan. Muna buɗe ƙofa wani ƙamshi ya buge ni har na yi atishawa. Ƙullin kanumfari ne ko'ina, kan firij, ƙarƙashin gado, har cikin takalmi.

"Isufu, sana'a ka sake?"

"A'a, Malam Sabo, haƙori ne ke damuna. Bon, zamna ka sha shayi."

Na yi masa sannu. Muka sha shayi mai kauri da madara, da wani burodin Indiyawa mai kama da waina a faɗi, na yi barci har azahar. Da yamma ya kai ni wurin wata Bakanuwa mai abinci a Deira, muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Muna ci ya tambaye ni shirin gobe.

"Satwa zan wuni wurin teloli," na ce.

"Madalla. Ni ma kwantena za mu loda, sai dare."

Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

Satwa

Da safe na hau tasi zuwa Satwa, unguwar teloli da ƙananan shaguna. Telan Hajiya ɗan Pakistan ne, ya shimfiɗa mini yadi baƙi kala biyar ya ce in zaɓa. Na duba, na sake dubawa, duk baƙi ne. Na nuna ɗaya. Ya girgiza kai, ya ɗauki wayarsa ya kira Hajiya ta bidiyo, suka gama cinikinsu da Larabci da Turanci ina tsaye kamar ginshiƙi. Abin da aka bar mini kawai shi ne in faɗi awon tsawon hannu, na faɗa da ka, don hankalina yana Al Ras.

Daga nan wani ya ce mini hanya mafi sauƙi zuwa can ita ce in je bakin ruwa in hau abra, ƙaramin jirgin katako da ke tsallakar da mutane. Sai da na isa na ga abin da idona. Babu ƙofa, babu abin riƙewa na kirki, mutane zaune jere ƙafafunsu dab da ruwa. Ni da na san tsawon jiragen da suka fi unguwarmu girma, ban taɓa taka ko kwalekwale ba.

"Yalla, Haji, yalla!" in ji matuƙin.

Na shiga da bisimilla. Injin na tashi jirgin ya yi wani layi, na damƙe gwiwar mutumin da ke kusa da ni, wani ɗan Filifin mai jakar leda. Ban sake shi ba har muka tsallaka. Wata yarinya a gabanmu tana shan askirim tana kallona. Tafiyar ba ta fi ta 'yan mintoci ba, amma duk addu'ar da na haddace sai da na karanta.

Al Ras

Na bi lunguna masu ƙamshin citta da busasshen lemo ina duba hoton a waya, har na gane shagon. Na shiga da sallama. Mutumin farko da na gani a gaban kanta, riƙe da ƙullin kanumfari, Isufu ne.

Muka tsaya muna kallon juna.

"Kwantenar ke nan?" na ce.

"Telan ke nan?" in ji shi.

Matashin da ke tsaron shagon, Rashid, ya yi dariya. Shi ya warware mini zancen. Tun ranar da na tura hoton Isufu ke zarya, amma littattafan na mahaifin Rashid ne, tsohon kuma ya tafi Indiya jinya, ba mai iya sayarwa sai ya dawo. Kunyar fita hannu sake ce ta sa Isufu yake sayen kanumfari duk zuwa. Jiya tsohon ya sauka.

Yana zaune can ciki kan kujerar roba, siriri, farin gemu, idanunsa sun yi hazo. Haji suke ce masa. Aka sauko da littattafan guda bakwai. Na ɗauki mai koren bango. Ko shafi ɗaya bai ɓalle ba, sai ƙamshin turare da ya kama shi.

Haji ya ce wani shagon kayan jirgi ne a maƙwabta ya rufe tuntuni, za a zubar da su ya kwashe, don bangonsu da kyau. Shi bai iya karatun Turanci ba, a zatonsa lissafin farashi ne.

"Ga ku dattawa biyu a kan abu ɗaya," ya ce. "Wai mene ne a ciki?"

Nan ne shaiɗanin malanta ya hau kaina. Na ce a raina in na nuna wa tsohon nan na fi Isufu sanin darajar littafin, ni zai ba. Na gyara murya na shiga bayani kamar ina gaban aji. Isufu yana taka mini ƙafa, ban kula ba. Na ce duk jirgin kaya mai girma da ke kan teku a wannan shekara yana ciki, da hotonsa.

"Duka?" in ji Haji.

"Faɗi kowanne ka sani, Haji."

Ya faɗi sunan wani jirgi, sunan mace. Ya ce a kansa ya yi aikin wanke-wanke a kicin yana saurayi, shi da wansa. Wan ya yi zazzaɓi a tsakiyar teku ya rasu, a ruwa aka yi masa sutura. Ba su da hoto ko ɗaya na wancan zamani.

Mai hankali zai ce bari a duba a gani, ya yi ta juya shafuka har a gaji. Ni kuwa na buɗe jerin sunaye na baya, kafin Rashid ya zuba shayi na kai shafin. Har da murmushi na yi wa Isufu.

Haji ya kai fuskarsa dab da takardar bai gani ba. Na zaro gilashina na miƙa masa. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya ɗora yatsa kan wata 'yar taga a bayan jirgin.

"Nan ne kicin," ya ce. "Nan yayana ke tsayawa yana fere albasa. Rashid, zo ka ga inda baffanka ya zauna."

Rashid ya bar mai saye a tsaye ya zo. Tsohon ya yi ta magana da yarensu, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na ji idona ya cika, rabi don tausayi, rabi don na riga na san abin da zai biyo baya. Ya rufe littafin ya rungume shi a ƙirji.

"Habibi, wannan ba na sayarwa ba ne. Khalas, magana ta ƙare. Sauran shida ku raba, kyauta."

Duk shidan ina da su. Isufu ma haka. Muka karɓa da hannu biyu muna godiya. Gilashin ma na bar masa, don ban ga ta yadda zan ce ya ba ni ba.

Muna fita Isufu ya zauna kan wani buhu yana dariya har da riƙe ciki.

"Malam Sabo, wata biyu ina lallaɓa mutanen ga, kai ka zo ka kashe mu kafin shayi ya huce!"

"Da ka samu za ka faɗa mini?"

"Wallahi a'a. Kai fa?"

"Ko a lahira."

Ya miƙe ya ɗauki littattafan, ya kai ni wani shago muka ci shinkafar biriyani. Shi ya biya, wai ladan darasin da na bayar.

Komawa gida

Sauran kwanakin na yi su a aikin da aka aiko ni. Aka ɗinka abayoyi, aka ɗaure turare, Isufu ya sa manyan kaya a kago tare da littattafai ukun da suka faɗo rabona. A filin jirgi muka rungumi juna, ya ce duk wanda ya sake jin labarin wani mai koren bango ya faɗa wa ɗan'uwansa. Na amsa da to. Shi dai ban san nufinsa ba, amma ni har zuciya na amsa.

Na kwana Kano, washegari da la'asar mota ta ajiye ni ƙofar gida. Bayan na ci abinci na zauna na ba Hajiya labari tun daga farko, ban rage komai ba. Tana sauraro tana warware abayoyin da na riƙo a jaka.

"Tsohon dai ya ga jirgin nasa?"

"Ya gani."

"To Allah ya ba ka lada, Malam." Ta ɗaga wata abaya sama. "Wa ya ba tela awon hannun nan? 'Yan firamare zan sayar wa?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Isufu da abokan zamansa, da Haji da ɗansa. Bawan Allahn nan kuma da na riƙe wa gwiwa a cikin abra, in har wannan rubutu ya isa gare shi, ya yafe mini.