Famfon Yana Ƙara, Magani Ba Ya Tafiya

Edita, a shekarun farin nan ni ne mai kula da tankin ruwa a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Ina da mata da 'ya'ya biyu, da girman kai irin na wanda makullin ruwan gari ke aljihunsa. Rijiyoyi sun ƙafe, sai aka koma janyo ruwa daga ramukan da aka haƙa a cikin gulbi, inda shanu ma suke sha. Saboda haka aka kafa wani ɗan famfo da ke ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan kafin ya hau tanki.

Injiniyan da ya kafa shi ya koya mini aikin har sai da na gaji da ji. Ya ce duk ranar da na sake cika duron magani, in kwance ɗan noti in fitar da iskar da ke cikin tiyo har kumfa ya ƙare. Sannan in tara kwalba mai layi-layi na minti ɗaya in ga abin da ya ɗiga, in murɗa ma'aunin ya yi daidai, kafin in saki ruwa. Na ce masa na gane, za ni kiyaye.

Wata safiya na cika duro, layin jarkoki ya kai bakin masallaci, mata suna ta yi mini tsiya wai ina wasa da kwalba gero na jiran dahuwa. Na kunna famfon, na ji yana ƙas-ƙas ɗinsa kamar kullum, na saki ruwa, ban kwance noti ba, ban kuma auna ba. Ashe iska ce ya haɗiya, bugawa kawai yake yi, ko ɗigo ba ya turawa. Sati uku duron bai ragu ba. Maimakon in tsorata, sai na riƙa cika baki a majalisa cewa magani yana albarka a hannuna. Mutane ma suka ce ruwan ya daina warin magani, na karɓi yabon ba kunya.

Sai amai da gudawa suka shigo gari. Innata, wadda ta haife ni, takan gaya wa maƙwabta ita ba ta tafasa ruwa, tunda ɗanta ne ke tace shi. Ita ma ta kamu, kwana biyu ta yi a kwance, ta cika a bayan babur kafin mu kai asibitin Isa. Bayan sadakar uku na je na kwance notin nan. Iska ta fita da huci, magani ya biyo baya. Aikin bai kai minti biyar ba. Na zauna a ƙasa.

Masu ta'aziyya sun ce fari ne da ƙarar kwana, ban musa ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai yau. Na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai. Ku da aka ba amanar irin wannan na'ura, kada ƙararta ta ruɗe ku, ku auna da idonku ko da gari duka na zaginku. Zagin nan zuwa azahar an manta da shi. Ni kuwa har yau ba na iya cewa Allah ya jiƙan Inna da ƙarfi, don kunyarta nake ji.