Ranar da Na Dubi Fuskar Surukina

Waɗanda ke gidan ranar ba su da yawa: ni, da 'yata ta fari tana jego, da jaririyarta, da kuku, wani Bakatsine mai surutu, da direba, sai shi maigidan, mijin 'yar tawa. Manyan yaran an kai su Hotoro wurin kakarsu ta wajen uba.

Wankan jego ne ya kawo ni. A lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, an ƙara wa surukina girma a ofis, aka ba shi gida a Nassarawa, irin waɗanda Turawa suka tashi suka bari. Ban taɓa son unguwar ba. Gida nan, gida can, tsakani sai dalbejiya da mangwaro. Ba daka, ba kukan akuya, ko tallar ƙosai babu. Da rana tsaka in ka kasa kunne, ba abin da za ka ji sai injin sanyaya ɗaki yana gurnani a jikin bango kamar dabbar da aka ɗaure.

Yadda aka raine mu, suruki ba a kallon fuskarsa. Tun da ya auri 'yata ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, shi ma haka. In zai gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma na kau da kai. Abin da na sani nasa muryarsa ce da takunsa.

Takun ne ya tsayar da ni. Bayan azahar ina bayan gida ina gyara itacen ruwan wanka, na ji mota ta tsaya, na ji ya hau baranda. Mutum ne mai tafiya da sauri, amma ranar ƙafa ɗaya ke sauka, ɗayar jan ta ake yi a kan siminti. Ya shige falo. Na leƙa 'yata na faɗa mata. Ta sha kunun kanwa, barci ya ci ƙarfinta, ta ce sabon takalmi ne ke matsa shi, ta juya.

Kuku ya kai abinci ya fito. Direba ya shiga ya tsuguna ya tambaya ko akwai aike, ya fito ya ce Alhaji ya sallame shi. Aka kira la'asar can nesa. Butar da aka ajiye masa a baranda tana nan cike, shi kuwa ba ya wasa da salla. Daga falon ba abin da ke fitowa sai ƙarar cokali a kan faranti, ƙwas, sai shiru, ƙwas, sai shiru, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a bayanta.

Na kira kuku na ce ya koma ya duba. Ya dawo yana murmushi, wai Alhaji lafiya lau, abinci yake ci.

"Ka dubi fuskarsa?"

"Haba Hajiya. Ni a wa, in tsura wa Alhaji ido?"

Direban ma na tambaye shi, ya ce shi kafet yake kallo. Ashe duk gidan ba mai kallon fuskar mutumin nan sai matarsa, ita kuwa tana barci.

Na ja mayafi na rufe kai, na tsaya a ƙofar falo na yi sallama. Ba amsa. Na shiga, sanyin ɗakin ya ratsa ni har ƙashi. Farantin na fara gani. Ya cinye rabin shinkafar ta wajen dama tas, kamar an raba da wuƙa, ta hagu ko taɓa ta bai yi ba, yana ta kai cokali inda ba komai. Ina tsaye a hagunsa, in na miƙa hannu zan taɓa shi, amma bai san da ni ba. Sai da na zagaya ta damansa ya zabura.

A nan na ɗaga ido. Rabin fuskar ta mutum ce mai hankalinsa. Ɗaya rabin ya zubo ƙasa kamar katangar ƙasa da ruwa ya jiƙa, miya na bin gefen bakin. Kunya ta kama shi, ya yunƙura zai sauka daga kujera ya durƙusa mini, sai ya kife a kan kafet. Hannunsa na hagu ya faɗo masa a ƙirji. Ya dube shi, ya dube ni, harshensa da nauyi.

"Hajiya, hannun wa aka ajiye mini nan?"

Kuku daga bakin ƙofa ya fara salati, yana cewa dama an ce tsohuwar tsamiyar bayan gidan ba ita kaɗai take ba. Direba ya ce zai ɗauko malam. Na ce malam ya same mu a asibiti, yanzu shi direban ya kama ƙafafu, kuku ya kama kafaɗu. 'Yata ta fito tana kuka za ta bi mu, na ce ta koma, mai ɗanyen jego ba ta fita. 'Yan'uwansa maza suna nesa. Ni na zauna a bayan mota, kansa a cinyata.

Likitan Ba'indiye ne, wata nas ke mayar mini da Hausa. Ya ce jijiyar da ke kai jini cikin ƙwaƙwalwa ce ta sami matsala, ko dai ta toshe ko ta fashe, daga waje kuma kamarsu ɗaya. Akwai maganin da ke tsinka jini. In toshewa ce, zai iya hana abin ci gaba, ko da yake inda ya riga ya mutu ba ya dawo da shi. In fashewa ce, maganin nan shi zai ƙarasa shi. Don haka za su soka allura a gadon bayansa su ɗebo ruwa, su ga ko da jini a ciki.

Aka lanƙwasa shi kamar jariri. Ban fita ba. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin 'yar siririyar kwalba, likita ya ɗaga ta wajen taga. Fari tas, kamar ruwan sama. Ya ce alama ce mai kyau, amma ba rantsuwa ba ce. Ya tambaya wa zai ba da izini. Nas ta waiga ta ga direba a tsugune, ta dawo da idonta kaina.

Na ce a ba shi.

Suka ɗaura masa ƙarin ruwa, suka zuba maganin a ciki. Na zauna ina kallon yadda yake sauka har magariba. Bakin bai miƙe ba, amma bai ƙara karkacewa ba. Kafin in tafi nas ta ja ni gefe, ta ce masu irin wannan ciwo sau da yawa abinci ke sarƙe su, dole a sami mai zama yana lura da maƙogwaronsa, kuma ta ɓangarensa na hagu da ya manta da shi za a zauna, don ya koyi juyowa.

Washegari na yi sallar asuba, na dafa ruwa na yi wa 'yata wanka, na dama kunu marar kauri na zuba a kwano. Direba ya kai ni. Na ɗauke kujera daga daman gadon na mayar da ita hagu, na zauna, na yi ta gyaran murya har ya juyo da ƙyar. Da ya ga ni ce, sai ya runtse ido.

Na ce, "Kunyar ta jira ka warke. Buɗe bakinka."

Na ba shi cokali ɗaya, na tsura wa wuyansa ido sai da na ga ya haɗiye, sannan na ɗebo na biyu.