Ranar da Aka Goge Sabar Abba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, wanda mutanen unguwarmu, Takur, suka fi sani da Malam Mai Kwamfuta. Ina da shekara goma sha biyu ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Yanzu ina aji biyu na babbar sakandare. Duk shekara idan watan ya zagayo, Umma takan soya waina a rarraba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa. Bana ma an yi haka. Sai dai bana akwai abin da ya tsaya mini a rai, ni kuma ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abba ya bar mana shago mai ɗaki biyu a bakin titi, inda ɗalibai ke zuwa koyon jarrabawar kwamfuta kafin su je ta gaske. A ɗakin gaba kwamfutoci ne a jere. A ƙuryar ciki kuwa akwai wata babba guda ɗaya wadda ba a zama a gabanta. Ita ke riƙe da tambayoyi da sunayen ɗalibai da makinsu, ita ke rarraba wa sauran aiki. Masu sana'ar suna ce mata saba. Abba da hannunsa ya haɗa ta, ya ɗora ta a kan bulo biyu saboda ruwan damina da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da ya rasu, ƙanensa Baffa Sale ya karɓi shagon. Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, abin da ya iya a kwamfuta shi ne kunnawa da kashewa. Amma sabar ba ta taɓa neman fiye da haka ba. Ana kunna ta, sai ta ci gaba da yin abin da Abba ya koya mata.

Tana da halaye irin nasa. Idan lokacin Azahar ko La'asar ya yi, agogon jarrabawa yakan tsaya da kansa, a je a yi salla, a dawo a ci gaba ba tare da an ci lokacin kowa ba. Idan wuta ta ɗauke, batirin sola ya yi ƙasa, takan adana amsoshin kowa sannan ta kashe kanta. Ba wanda ya san inda Abba ya rubuta waɗannan a cikinta. Kuma akwai wani hali guda da ni kaɗai na sani.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Abba aka sa mini, shi ya sa ake ce mini Inna. A gidanmu, da yake asalinmu daga ruga ne can wajen Jahun, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama kusa da shi. Abba ya riƙe wannan kunya da gaske. Idan zai aike ni, sai ya ce wa Umma, "A ce wa yarinyar nan ta kawo buta," alhali ina tsaye a wurin. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa, ni kuwa daga can nesa nake gaishe shi. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba ne, haka na ga ana yi.

Wata rana ina aji shida na firamare, ina zaune a shagon ina gwada tambayoyin lissafi. Na kai fuskata dab da gilashi saboda baƙaƙen ba sa fita mini sosai. Ban taɓa gaya wa kowa ba. A makaranta daga littafin ƙawata nake kwafa, ba daga allo ba. Na ji takun Abba ya tsaya a bayana, na ji ƙanshin turarensa, sai ya wuce. Kashegari da na shigar da sunana, sai ga baƙaƙe manya-manya, kowane harafi a tsaye ɓaro-ɓaro. Na leƙa ta kusa da ni, nata ƙanana ne yadda aka saba. Na canza kujera, na sake shigar da sunana, manyan suka biyo ni. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. Bayan ya rasu ma ba su daina biyo ni ba. Shekara huɗu ina zuwa shagon ranar Asabar, ko ba ni da abin da zan gwada, don kawai in buga sunana in ga sun fito.

A farkon shekarar nan sabar ta fara gazawa. Sau biyu tana ƙagewa ana tsakiyar jarrabawa, ɗalibai suna ta ƙorafi. Sabbin tambayoyin da Baffa ya sayo kuma suka ƙi hawa. Sai aka kira Anti Rabi, ɗalibar Abba ta farko, wadda yanzu take kula da kwamfutocin wata ma'aikata a cikin gari. Ta duba, ta zo gida da yamma ta sami Umma da Baffa a tsakar gida. Ni ina gefe ina tsince shinkafa.

Ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da sabar ta tsufa ƙwarai, waɗanda suka yi ta sun daina aiko mata da gyara, ƙofarta a buɗe take ga duk mai son ɓarna. Hanya biyu ce. Ko a ɗora sabuwa a kan tsohuwar, komai ya zauna inda yake, har da gyare-gyaren Malam, amma har da tarkacen shekaru, kuma tana iya rikicewa a tsakiyar aiki. Ko kuma a kwashe sunaye da maki a ajiye, a goge komai tas, a zuba sabuwa, a sake gini daga tushe. Ta biyun ta fi tsafta da aminci, amma duk abin da ba a san da shi ba ya tafi ke nan.

Baffa ya ce, "Rabi, ni fa buhun da ƙwari suka shiga ba na zuba masa sabon gero. A yi mata fomatin kawai, a goge komai mu huta."

Umma ta ce, "Kai da ko maɓallin kunnawa sai da yara suka nuna maka, yau kai ne mai yanke hukunci?"

"To Yaya, ni nake shan zagin iyayen yara. Jiya wata ta tare ni a bakin masallaci, kamar ni na cinye wa ɗanta maki."

"Aikin hannun yayanka ne, Sale. Rigunansa an raba, babur ɗinsa an sayar. Ita kaɗai ce ta rage tana motsi."

Baffa ya shiga juya hularsa. Anti Rabi ta ce ba sai an yi musu ba. Za ta kwafi sabar gaba ɗaya zuwa wata kwamfuta, ta gwada ɗora sabuwar a kan kwafin. In ya hau lafiya, shi ke nan. Na bar shinkafar a faranti na shiga ɗaki na yi ta addu'a ya hau.

Bai hau ba. Na je shagon ranar da ta gwada. Aiki ya yi nisa, sai rubutu ya fara zubowa ja, ya tsaya cak. Ta sake, ya tsaya a wani wurin daban. Ta ce tsakanin tsohuwar da sabuwar akwai matakai da yawa da aka tsallake, kuma Malam ya taɓa wurare da dama a ciki, sabuwar tana zuwa ta tarar da abin da ba ta gane ba. Ta cire tabarau ta murza ido ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, amma ya bar mu da aiki. Ko layi ɗaya bai rubuta ya ce ga abin da na yi ba."

Wannan magana ta tsaya mini, domin gaskiya ce. Abba mutum ne mai gyara abu ya wuce, bai iya bayani ba. Na sha tambayar kaina me zai ce da yana nan. Na san ba zai yi wa na'urar kuka ba. Na taɓa ganin wani ya kawo masa kwamfuta tana ciwo, ya ce masa, "Faɗi abin da kake so a ciki in cire maka, sauran wanke shi za a yi." Kuma kakata ta ba ni labarin yadda suke tashi daga ruga lokacin su Abba suna yara: a kora shanu, a ɗauki ƙore da tabarmi, a bar bukkoki a tsaye ba mai waiwaya. A cikin wannan ya girma. Ina jin da shi ne, da tuni ya goge ta tun kafin ta fara ƙagewa. Amma shi ya san abin da zai ɗauka. Mu ya bar mu muna lalube.

Da Umma ta amince a goge, Anti Rabi ta ce kowa ya faɗi abin da ya san sabar tana yi, don ta sake gina shi. Baffa ya ce, "Tana ƙara kamar injin markaɗe, wannan kada ki maido." Aka yi dariya. Na daure na faɗi na salla da na batiri. Ta ce, "Madalla, Inna. Sai me kuma?" Na buɗe baki, na dubi Baffa, na ce babu. Na san minti kaɗan zai ɗauke ta ta ƙara mini girman baƙaƙe. Amma in ta yi, nata ne. Ba girman nake so ba.

Ranar Asabar aka goge. Kafin a fara na shigar da sunana sau ɗaya, na daɗe ina kallo, har Anti Rabi ta ce in tashi za ta kashe. Abin bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Ta danna, aka tambaye ta ko ta tabbata, ta ce e. Fankar na'urar ba ta ko canza sauti ba.

Sabuwar tana aiki da kyau, ban da abin cewa. Ba ta ƙagewa, tambayoyi sun hau, agogo yana tsayawa don salla. Sunana yana nan, makina duk suna nan. Na shiga, baƙaƙe ƙanana irin na kowa. Na yi ƙoƙari na kasa karanta tambaya ko ɗaya sai na manna fuska. Na tashi na hau adaidaita na dawo gida.

Umma tana tankaɗe. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Umma, ba na gani sosai."

"Tun yaushe?"

Na gaya mata komai, har da manyan baƙaƙen. Ta ajiye rariya. Na zaci kuka za ta yi, ashe fushi ne.

"Ya sani? Ya sani ya je ya gaya wa kwamfuta, ni bai gaya mini ba? Ni da muke kwana ɗaki ɗaya?" Ta kakkaɓe hannu. "Kunyar nan taku! Ke kin yi shiru, shi ya yi shiru. To da idon ya lalace fa, wa za a ji wa kunya?"

Ban taɓa jin ta yi masa faɗa ba, yana raye ko bayansa. Ta kai ni asibiti a satin. Likita ya ce idon dama zai gyaru da tabarau, na hagu kuwa ya yi rauni, da an zo tun ina ƙarama da an fi samun yadda ake so.

To yanzu ban san yadda zan auna abin ba. Abu mafi daɗi da Abba ya taɓa yi mini shi ne ya ɓoye matsalata har ta yi nisa. Da an ɗora sabuwar a kan tsohuwa ta hau lafiya, da har yau ina can ina jin daɗin manyan baƙaƙena, idona yana ƙara lalacewa. Da aka goge, na rasa wuri ɗaya tak da yake yi mini magana. Ba na jin haushin Anti Rabi, ba na jin haushin Baffa. Shi ma Abba ba haushinsa nake ji ba. Sai dai ina ganin alherin da ba a faɗa ba yana da rauni: wanda ya zo daga baya ba zai san yana nan ba, balle ya kiyaye shi, balle ya ɗora a kai. Anti Rabi yanzu duk abin da ta taɓa a sabar sai ta yi wa Baffa bayani, ko ya gane ko bai gane ba.

Da na fara sa tabarau, duwatsun garinmu ban yi mamakinsu ba kamar fuskokin mutane. Ashe daga wancan ƙarshen ɗaki ana iya ganin idon mutum. Ashe malaminmu yakan yi murmushi idan an ba da amsa daidai. Ashe Baffa yakan ƙifta wa yara ido kafin ya yi musu tsawa. Ni dai inuwa nake gani tana motsi. Abba kuwa kullum daga nesa yake. Fuskarsa a hoto na san ta, amma yadda take idan ya juyo wajena, ban taɓa gani ba.

Ranar sadakar bana, bayan mutane sun watse, muna wanke tandar waina ni da Umma, na tambaye ta. Na ce, "Umma, yakan kalle ni?"

Ba ta ɗago ba. Ita ma 'yar farinta ce ni, ba a saba irin wannan hira tsakaninmu ba. Ta ci gaba da goge tandar.

"Kallo kam," ta ce, "har sai na taɓa shi na ce mutane fa suna gani."

Allah ya haskaka kabarinka, Abba, ya yafe maka shirunka, ya yafe mini nawa.