Sunayen da Kangwa ya bari a kan allon dara

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Lameck Kangwa a gidansa da ke Sashe na Bakwai, yana da shekara sittin da tara. Tarin da ya kwaso daga ramin tagulla ne ya ƙarasa shi, kamar yadda ya ƙarasa da yawa daga cikinmu. Wanda ya ba da rai shi ya karɓi abinsa, ba ni da ja a nan. Abin da nake ja da shi daban ne, Ba Kangwa ("Ba" ɗin nan ta girmamawa ce a wurinmu), kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba.

Ni ne Gershom Jere. Ni ɗan ƙabilar Ngoni ne, kai Bemba, don haka abokan wasa muke tun kaka da kakanni. Kana kirana mai cin ɓera, ina kiranka mai cin biri, a haka muka tsufa. Aikina ne a gidan makokinka in shafa wa danginka farar hoda, in yi ta yi maka ba'a har matarka ta yi dariya cikin kuka. Na je da hodar a aljihu, na dawo da ita ban buɗe ba. Raina ne ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

A ɗakin shaƙatawar ma'aikata muka koyi darar ces, lokacin muna samari. Da ƙarfi ya ƙare kamfani ya sallame mu, muka koma gindin mangwaron bayan kasuwa da allunanmu. Kowa a cikinmu haddace buɗin wasa yake yi daga littafi, kowane buɗi da sunan wani Bature ko wani birni da ba mu taɓa gani ba. Kai kaɗai ka ƙi. Ka ce waɗancan an binne su da daraja a ƙasarsu, suna da masu tuna su, namu fa?

Na tuna ranar da ka fara. Dutse ya rufto wa Fackson Mumbi, shugaban ayarinku, kana cikin waɗanda suka tono shi. Bayan an yi jana'iza ka zo ka zauna gabana, ka tura soja ɗaya na kusa da sarki, na mayar. Sai ka ɗauki sarkin kansa ka fito da shi fili, ka ce da ƙarfi, "Mumbi."

Na ce, "Kai mai cin biri, naman ne ya hau maka ka? Wa yake fito da sarki tsakar gida tun ba a fara wasa ba?"

Ka ce, "Mai cin ɓera, me ka sani? Ka taɓa ganin Mumbi ya tura yaro gaba shi ya laɓe a baya?"

Na cinye ka kafin shayina ya huce. Ka jera 'ya'yan darar ka sake buga abinka.

Daga nan abin ya zame maka ɗabi'a. Duk wanda rami ya ci, ko da dutse ko da tari, sai ka zauna ka ƙirƙiro masa buɗi mai kama da halinsa. Sakala gwame ne, sai ka kai dawakai biyu bakin allo, ɗaya dama ɗaya hagu. Tailoka bai taɓa jiran kowa a hanya ba, sai ka saki sojan gefe ya yi ta gudu shi kaɗai, hasumiya tana binsa a baya kamar matarsa ranar albashi. Doka ɗaya ka kafa, duk mai buga buɗin sai ya faɗi sunan da bakinsa, kowa ya ji. Kuma ba ka taɓa sa wa wani buɗi sunan mai rai ba. Na roƙe ka ka yi mini nawa, ka ce in mutu tukuna, ba ka son gaggawa.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Yawancin buɗin nan naka ba su da kyau. An cinye ka da su ya fi a ƙirga, yaran da ka koya wa wasa ma sun cinye ka. Amma ko baƙon da ya zo jiya, in ya zauna gindin mangwaron nan wuni ɗaya, zai tashi ya san akwai wani Sakala, ya san gwame ne, ya san an yi dariya da shi. Matan mamatan ba su san yadda doki yake tafiya ba, amma in sun taso daga kasuwa sukan rage sauri su kasa kunne. Bana Chanda, wato uwar Chanda, matar Mumbi, takan ajiye maka soyayyar gyaɗa a bakin allo ta wuce.

Manyan ƙungiyar darar gundumarmu kuwa abin dariya suka ɗauke ka. Sun hana ka koyarwa a makarantu, wai kana lalata hannun yara. A gasar Ndola alƙalin wasa ya ce a yi shiru, ka faɗi Tailoka. Ya gargaɗe ka, a wasa na gaba ka sake, sai dai a hankali, don ka girmama shi. Suka fitar da kai gaban jama'a, ka dawo a motar haya kana ba mu labari kana tari kana dariya. Ba wanda ya zo ya ba ka haƙuri. Da ciwo ya kwantar da kai, ko ɗaya daga cikinsu bai leƙo ba.

Yanzu ga abin da ya faru a gidanka, tunda ba ka nan.

Kelvin Silwamba, wanda ka koya wa riƙe soja tun yana zuwa da majina a hanci, shi ne sakataren ƙungiya yanzu. Kwanakin baya ya buga Sakala a wani wasan sauri a Lusaka, ya yi sa'a abokin karawarsa ya ruɗe, ya ci. Aka ɗauka a waya, abin ya bazu, mutane suka fara tambayar sunan buɗin. Kashegarin binne ka, da rana, muna zaune a waje an kawo tuwon masara da ƙananan kifi, sai ga shi da kwat da takalmi mai ƙyalli. Ya miƙe ya ce ya zo da albishir. Ƙungiya za ta yi gasar tunawa da kai, kamfani ya ba da ɗakin taro da kofin gasa da riguna. Kuma don a karrama ka, daga yau duk buɗin da ka ƙirƙira za su ɗauki sunanka: Kangwa na ɗaya, Kangwa na biyu, Kangwa na uku, har ƙarshe.

Wasu suka tafa. Na ce, "Kelvin, sunayen da ke kansu fa?"

Ya ce, "Ba Jere, haka ake yi a duk duniya, sunan mai ƙirƙira ake sawa. Kuma ku duba, a ɗakin kamfani za a yi. Ba zai yi daɗi a riƙa kiran sunayen nan a gaban manyan baƙi ba. Ku tsofaffi kun cika riƙo."

Ashe matan da ke ciki suna ji. Bana Chanda ta fito tana dogara sanda, ta tsaya gabansa, ta ce, "Ɗana, mijina lamba nawa ya samu?"

Ya ce, "Mama, ba haka ba ne..."

Ta ce, "A'a, faɗa mini in riƙe. Wancan karon ma da suka zo gaya mini ya mutu, lambarsa suka fara karantawa."

Ba wanda ya ƙara taɓa tuwon. Kelvin ya yi ta murza hularsa, ya ce an riga an buga allon sanarwa, ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Ya shiga motarsa ya tafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Ba Kangwa, yaron nan bai zo da mugunta ba. Har zuciyarsa yana ganin alheri ya yi maka. Ya girma a gindin mangwaron nan, ya ji kana kiran sunayen nan tun bai iya ɗaure wandonsa ba, amma bai taɓa gane abin da kake yi ba. Shi da manyansa sun ƙi ka kana da rai, yanzu sun zo da kofi, ihu bayan hari. Kuma kofin ma ba kyauta ba ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin da aka sa su shi ne su share mutanen da ka kwashe rabin rayuwarka kana hana a manta da su, su yi sharar da sunanka. Da za ka iya tashi, na san da allon za ka jefe su.

To, ga amsarmu, mu na gindin mangwaro. Duk mun sa sunanmu a gasar, har Ba Chisenga da ba ya gani sosai. Kowa zai zauna, ya buga buɗinsa, ya faɗi sunan mai shi yadda na bakin ƙofa zai ji. Su fitar da mu ɗaya bayan ɗaya a gaban manyan baƙin nasu. Muna da yawa, sunayen kuma sun fi mu yawa.

Sunanka kuwa, in shi suke so a kan buɗi, ai ka cika sharaɗi. Rami ya ci ka kamar yadda ya ci sauran. Sai dai ba a kan na wani za a ɗora shi ba, naka za a yi maka. Ni ban taɓa ƙirƙirar komai ba a rayuwata, ɗan hadda ne ni, ka sha faɗa. Na rasa ta inda zan fara, sai matarka, Bana Mwila, ta ba ni wani labari da ban sani ba. Ta ce a watannin ƙarshe kullum sai ka sa hula ka ce za ka gindin mangwaro. Ka kai bakin ƙofar gida numfashi ya ƙi, ka dawo ka zauna. In ka huta ka sake miƙewa. Ta ce ta hana ka har ta gaji, kana ce mata mai cin ɓera yana jiranka, in ba ka je ba zai ce tsoro ka ji.

Jiya na zauna gaban Ba Chisenga. Na fito da doki, na mayar da shi gida, na sake fito da shi. Na buɗe baki na faɗi sunanka. Buɗi ne marar kyau, ya fi duk naka muni, makaho ma ya cinye ni da shi. Na jera na sake bugawa.

Allah ya jiƙanka, Lameck Kangwa, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka numfashin da ka rasa a nan. Allah ya ba Bana Mwila haƙuri, da Mwila da ƙannenta da jikokinka, ya tsaya musu. Ina miƙa ta'aziyya kuma ga gidan Mumbi da gidan Sakala da gidan Tailoka da sauran gidajen, domin su ma ranar Talata sun yi rashi, sun rasa mai kiran nasu. Allah ya shirya Kelvin, ni dai ban huce ba tukuna. Mu da muka rage, tarin yana ƙirjin yawancinmu, Allah ya sa in tamu ta zo a samu wanda zai faɗi sunanmu da baki.