Turai a Gefen Bikin Mutane

Idan ka shigo lungunmu a Yakasai za ka tarar da shaguna biyu jingine da juna. Na dama nawa ne, keken ɗinki da tarin yadi. Na hagu, mai labule mai kauri a ƙofa, na Malam Ashafa ne, mai haɗa bidiyon biki. Bango ɗaya ne tsakaninmu, saboda haka duk kiɗan bikin da aka yi a cikin birni sai na ji shi ta bangon nan, a kai gaba a dawo baya, har ya fita daga raina.

Shi Ashafa ba ya zuwa biki. Sabo, abokin aikinsa, shi ne mai kyamara. Shi ke shiga kamu da yini, ya ci shinkafa ya sha lemo, washegari ya kawo abin da ya ɗauka a cikin wani ɗan akwati baƙi da bai wuce tafin hannu ba, wanda suke kira ekstanal. Ashafa ya jona shi a kwamfuta ya zauna yanka. Ya cire inda uwar amarya take hamma, ya cire inda ango yake sosa hanci, ya bar wa mutane bikin da suke so su tuna.

Aikin nan ya sa ya san fuskar rabin birni, ba wanda ya san tasa. Na taɓa raka shi Kasuwar Rimi, sai ga shi ya washe baki ya tare wani mutum: “Alhaji, ya amarya?” Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya dafe aljihunsa ya wuce. Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

Matarsa Turai ita ce mai shiga mutane. Sana'arta girkin biki da kayan gara: alkaki, dubulan, nakiya. Gidajen da Sabo ke ɗauka, da yawansu ita ke bayan gida a gaban tukunya. Sai dai ta ƙi jinin kyamara kamar me. Takan ce, “Ni da hayaƙi da gumi, ka bari duniya ta gan ni? Malam, idan na fito ka yanke.” Shi kuwa mai biyayya, duk inda ko gefen zaninta ya gifta sai ya sa almakashi.

Allah bai ba su haihuwa ba. Da ciwon ajali ya zo mata bai ja lokaci ba. Bayan an share makoki Ashafa ya duba gida kaf, mutumin da ya tsufa yana gyara hotunan mutane, bai samu hoton matarsa ba sai na katin zaɓe, inda ta ɗaure fuska kamar an ci mata bashi.

Wata rana da hantsi na ji ya buga bango. “Isyaku! Zo ka gani.”

Yana neman wani tsohon aiki ne a cikin ekstanal ɗin Sabo, a ɗanyen ɗauka wanda ba a yanka ba, sai ga Turai. Tana tsaye can baya da muciya, tana yi wa wata dariya, ba ta san ana ɗauka ba. Bai fi ƙiftawar ido uku ba ta ɓace. Ya mayar, ya sake mayarwa. Ni na fita, don ba na son namiji ya ga hawayena.

Daga ranar ya janyo kwalin tsofaffin ekstanal ɗin Sabo ya shiga tono. Nan Turai na ɗauke da faranti. Can tana ɗaura ɗankwali. A wani bikin muryarta kawai ake ji tana faɗa a kan gishiri. Ya buɗe sabon fayil na haɗa bidiyo a kwamfuta, wanda suke kira furojek, ya sa masa sunanta, yana jera guntayen ɗaya bayan ɗaya. Idan zai kalla sai ya jojjona ekstanal ɗin duka, wayoyi sun cika tebur kamar taliya.

Na ce, “Wai duk wannan tarkacen na mene ne? Ba ga ta nan a kwamfuta ba?”

Ya ce, “Ba ta ciki. Furojek awo ne kawai, irin wanda kake ɗauka. Ya san tsawo, ya san inda za a yanka, amma yadin yana cikin waɗannan. Ka taɓa ganin wanda ya saka awo ya tafi Juma'a?”

“To ka ɗinke rigar mana! Ka fitar da shi bidiyo guda, ka huta.”

“Saura kaɗan,” in ji shi.

Shekara ta zagayo yana saura kaɗan. Na yi masa tsiya, na yi masa faɗa, daga baya na gane dalilinsa, na ƙyale shi. Abin da aka fitar an gama shi ke nan. Muddin akwai ekstanal ɗin da bai gama dubawa ba, akwai sauran Turai da bai gani ba, kuma yana da dalilin buɗe shago da safe. 'Yan uwa sun yi ta kawo masa maganar aure, yana cewa to.

A sana'arsu akwai al'ada. Idan Sha'aban ya kama, kowa na son a kai 'yarsa kafin azumi, biki ya yi ta hawa kan biki, sai a goge tsofaffin ekstanal a zuba sababbi. Ashafa ya sha kare nasa da dabara, yau ya ce wannan yana da matsala, gobe ya ce wancan bai gama da shi ba. A Sha'aban ɗin bara zazzaɓi ya kayar da shi, yayarsa ta ɗauke shi zuwa Gwammaja ta yi jinyarsa. Sabo yana da nasa mukullin shagon.

Ranar da Ashafa ya dawo, ya rame sai idanu, ina taya shi kakkaɓe tebur sai ga Sabo da fara'arsa.

“Yaya Ashafa, sannu da jiki. Na kwashi ekstanal ɗin nan, aiki ya yi mini yawa. Amma kada hankalinka ya tashi.” Ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan filashi da ya naɗe a leda. “Anti Turai na fara cirewa kafin na taɓa komai. Na ga fayil ɗin da sunanta, na kwafe shi har sau biyu.”

Ashafa ya dubi inda kwalin yake a da. “An goge su?”

“Tas. Har sun cika da sabon biki.”

Na buɗe baki zan yi magana, Ashafa ya taka mini ƙafa. Ya karɓi filashin da hannu biyu ya ce, “Allah ya saka da alheri, Sabo. Ka kyauta.”

Da Sabo ya fita, Ashafa ya jona filashin ya buɗe furojek ɗin. Komai na nan a jere yadda ya bar shi, kowane guntu da tsawonsa da gurbinsa. Amma allon ja ne wur, da wani rubutu da ke cewa ba a ga kayan ba. Ya matsa gaba, ja. Ya ƙara matsawa, ja. Awo ya rage, yadi ya tafi.

Na ce wallahi sai na je na gaya wa yaron nan gyaran gangar Auzinawan da ya yi. Ashafa ya ce, “Ka gaya masa ya yi yaya? Da hula ya rufe ta, Isyaku. Bar shi.” Na bar shi, amma har yau idan na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Masu gyara suka ce da gogewa kawai aka yi da an iya tonowa, amma an zuba sabo a kai. Sai Ashafa, mutumin da ba ya shiga gidan kowa, ya shiga bin gidajen da aka yi bukukuwan yana sallama. Wasu suka ce ba su san shi ba. Hajiya Indo ta Ƙofar Ruwa ta tausaya, ta aiko masa da faifan bikin 'yarta, wanda Turai ta yi wa girki. Ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ko gefen zaninta babu. Shi ya haɗa faifan da hannunsa, kuma Ashafa ba ya aikin ha'inci.

Guntu ɗaya ne ya tsira. Tun tana da rai Sabo ya taɓa turo masa shi ta waya don tsokana, Ashafa ya ajiye shi a cikin kwamfutar kanta, ba a ekstanal ba, ya manta da shi sai da ya fara tono. Yana can wajen tsakiyar furojek ɗin.

Yanzu kullum bayan la'asar, idan ya ture aikin mutane gefe, sai kiɗa ya ɗauke ta bangon. Na san ya kunna. Ba ya tsallakawa zuwa tsakiya, daga farko yake farawa, ya zauna gaban jan allo shiru. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai kalli mai hoton kawai ba. Ya ce, “Sauran ma ina ganinsu. Nan ne take ɗaura ɗankwali.” Ya nuna mini ja.

Sabo har yau bai sani ba. Idan ya kawo aiki yakan leƙa ya ce, “Ya Anti Turai, tana nan dai?” Ashafa ya ce tana nan.

Ni kuwa idan shirun ya yi nisa sai in ɗage ƙafa daga kan keke in jira. Can sai muryarta ta ratso bango, da ƙarar tukwane a bayanta, tana dariya tana faɗa:

“Kai Sabo, ɗauke abin nan daga kaina! Ka ce wa Malam ya yanke ni.”

Daga nan shirun ya ci gaba, ni kuma in koma ɗinkina.