Matar da ke Jikin Liyarin Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Rano, ni da ƙanina da wani abokin aikina mai mota. Ni malamin tarihi ne, kuma abin da ya fito da ni bai fi tafin jariri girma ba: liyarin Gwaggona, tsohon kuɗin azurfa irin wanda matan da ke ratayawa a wuya. Labari ya iske ni cewa za ta kai shi wurin maƙeri a narka a yi wa jikarta 'yan kunne. Kwana biyu abin yana cina.

Hanya lafiya lau har Bunkure, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. A Rano muka karya da waina da miyar taushe, duwatsun garin suna leƙo mu. Mai wainar ta ce shida ɗari biyar. Abokina ya yi ta mitar tsada, amma shi ya cinye rabin tawa. Daga Kibiya zuwa Fassi, garin Gwaggo, kuwa ruwan daren jiya ya jiƙa hanya, sau biyu muna fita turi. Wani manomi ya ajiye fartanya ya kama mana, ya ƙi karɓar komai sai addu'a.

Mun tarar da Gwaggo ta yafa mayafi, liyarin a ƙulle a bakin zane. Ta ɗauka zuwa muka yi mu kai ta Rano wurin maƙerin. Bayan gaisuwa da furar da ta dama mana, na roƙa ta kwance na gani. Fuskar da ke jikinsa ta soma shafewa saboda gugar fata.

"Gwaggo, me ya yi miki za ki sa shi a wuta?"

"Ɗan nan, shekara hamsin ina yawo da ƙaton Bature a ƙirjina. Tsufa ya zo, ya isa haka."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na danne. Na ce mata ai mace ce. Sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, ta hau gado tana 'yar ashirin da uku bayan rasuwar mahaifinta, sarakunan maƙwabta suka taso mata don sun raina ta. Ta yi shekara arba'in tana mulki, ta haifi 'ya'ya goma sha shida.

"Sha shida? Tana sarautar?" Gwaggo ta gyara zama. "Duk sun rayu?"

Na ce a'a, ta binne da dama, wasu agana ce ta ɗauke su. Ita Gwaggo goma sha ɗaya ta haifa, biyar suna ƙasa, kuma tun rasuwar mijinta ita ta riƙe gidan da gonakin, duk da 'yan'uwansa sun so rabawa. Ta kai liyarin kusa da ido, ta shafa kan matar.

"Wannan fa da ke kanta?"

"Mayafi ne. Da mijinta ya rasu ta sa baƙaƙen kaya, ba ta cire ba har ta mutu, shekara goma sha biyar."

"Allah sarki! Ashe takaba baiwar Allah take yi, ni ina ta zaginta."

Ta mayar da shi bakin zane ta ƙulle sau biyu, ta cire mayafinta ta rataye a ƙofa. Ta ce a sayo wa yarinyar 'yan kunne a kasuwa. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Da na nemi aro in nuna wa ɗalibaina, ta harare ni, ta ce mai takaba ba ta yawo, in suna son ganinta su zo Fassi.

Da la'asar muka juyo, but ɗin mota cike da ɗanyar masara da kuɓewa, muka shiga Kano ana kiran magariba. Na daɗe ina koyar da sarakunan Turai, yaƙe-yaƙensu da shekarun mulkinsu, yara suna hamma. Ban taɓa tsayawa na tambayi 'ya'ya nawa waninsu ya binne ba, sai da Gwaggo, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta tambaye ni. Ranar Litinin da wannan tambayar na buɗe darasi.